Dawar Yaya da Masu Zama a Gindin Dutse

A kakar nan da ta wuce, duk lokacin da na buga wa yayana waya daga Funtua, amsarsa ɗaya ce. In na gaishe shi, na tambayi jiki, na tambayi iyali, sai in yi shiru, shi kuma ya san abin da shirun ke tambaya. Sai ya ce, "Suna nan zaune." 'Yan bindiga yake nufi. Tun da ruwa ya fara ɗaukewa suka zo suka sauka a gindin dutsen da ke tsakanin ƙauyenmu da gonaki, daidai inda hanya ke ratsa rafi. A wannan karon ba su shigo gari ba, ba su ƙona ɗakin kowa ba. Zama kawai suka yi, kuma duk wanda ya wuce dutsen nan da magirbi ko da buhu, to ko dai bai dawo ba, ko ya dawo ba yadda ya tafi ba. A bayan dutsen dawar Yaya take. Ta nuna, kawunanta sun yi ja sun sunkuya, in ya hau soron masallaci yana hango ta. Ita ce abincin gidansa na shekara, shi da matarsa da 'ya'yansa da jikoki, babu wani abu a bayanta. In ta shigo gida, za su ci gaba da zama a garin da aka binne iyayenmu. In ba ta shigo ba, dole su tashi.

Kafin in yi ritaya, fassarar labarai nake yi a gidan rediyo. Yaƙe-yaƙen ƙasashen nesa su ne aikinmu na kullum, kuma akwai wata kalmar Turanci da ba ta ƙarewa a cikinsu, wadda ake faɗa idan sojoji sun kewaye gari, sun hana shiga sun hana fita. Mu kawanya muke ce mata. Dakarun kaza sun yi wa birnin kaza kawanya. Na karanta wannan jimla har ta zama mini kamar sanarwar cigiya, bakina yana faɗa, hankalina yana kan shayin da na bari a tebur. Wata rana da aiki ya yi sauƙi na sauko da babban ƙamus ɗin ofis, wanda sai da hannu biyu ake ɗaga shi, na duba ta. Ashe a asalinta babu yaƙi a ciki. Wurin zama take nufi. An kira kujerar mai mulki da ita, an kira matsayin mutum a cikin jama'a da ita, har makewayi inda mutum ke tsugunawa an kira da ita. An kuma kira wurin da zalɓe ke tsayawa a bakin ruwa yana jiran kifi. Daga baya ne ta koma ta sojoji, domin rundunar da ta kasa haura ganuwa sai ta nemi wuri a gaban gari ta zauna, ta bar yunwa ta yi mata aikin. Na tuna na nuna wa abokin aikina, muka yi dariya, muka ce kalma ɗaya daga gadon sarauta har masai. Na rufe ƙamus na koma kan takarduna. Ban haɗa ba a lokacin cewa kakata ta riga ta ba ni wannan bayani tun ina ƙaramin yaro, a tsakiyar gona, da rana tsaka.

Ƙauyenmu na wancan zamani da sauti yake farkawa. Kiran salla, sannan tarin tsofaffi a hanyar masallaci, sannan luguden mata daga gida zuwa gida, har kana iya gane turmin wane gida ne daga kaurin bugun. Guga yana faɗawa rijiya, jakin maƙwabci yana kuka kamar an yi masa mutuwa. In kaka ta yi, can da hantsi sai a ji ƙahon motar auduga tun tana bayan rafi, mu yara mu watsar da abin da ke hannunmu mu ruga. Aikinmu bai wuce yankan ciyawar awaki ba, da korar tsuntsaye a gona da gwangwanaye a jikin igiya, da tsintar auduga har yatsu su farfashe. Garin yana da ganuwa, ko in ce ragowarta. Ruwa ya zaizaye ta, awaki suna hawa suna sauka, mu kuma muna zamiya a kanta har wandunanmu su yage a yi mana duka. Ba mu taɓa tambayar wanda ya gina ta ba. Mun ɗauka da ita aka yi duniya, kamar dutse da rafi.

Abin da baƙo ke fara lura da shi shi ne, ganuwar ta fi garin girma. Gidaje sun taru a gefe ɗaya, ta gabas kuma aka bar fili mai faɗi a cikin ganuwar, ba a gina komai a kansa. Gonar ciki muke ce masa. Kowane tsohon gida yana da yankinsa a wurin, kuma ba a shuka auduga ko gyaɗa a ciki, sai gero da wake da kabewa, abin da ke nuna da wuri a ci. Abin da aka girbe a can ba ya haɗuwa da sauran hatsi. Rumbunsa daban, rumbun tsimi, ana liƙe bakinsa da laka, ba a fasa shi sai sabon hatsi ya shigo gida an gan shi da ido. A tsakiyar filin akwai wata tsohuwar rijiya mai ruwan zartsi. Ba mai sha, ko wanki ba a yi da shi don ba ya kama sabulu. Amma duk shekara kafin damina sai an tara samari sun yashe ta. Suna yi suna gunaguni. Yaya, da yake a lokacin ya fara zama saurayi, ya taɓa fitowa daga cikinta jikinsa duk taɓo ya ce wa dattijon da ke tsaye a kansu, "Baba, wai aljanu ne ke biyan kuɗin wannan aiki?" Dattijon ya ce, "Koma ciki, akwai saura."

Shekarar da auduga ta yi daraja ce abin ya faru. Akwai wani Bayarabe Kirista da ya daɗe a garinmu yana sayen auduga da gyaɗa, muna ce masa Baba mai sikeli. Matarsa tana sayar da gishiri da manja, kowa Mama yake ce mata, ɗansu kuwa, wanda aka haifa a nan, sa'ana ne, ba wanda ya san shi da wani suna sai Ɗanmama. Baba mai sikeli ya rasa inda zai riƙa tara kaya, sai ya roƙi mahaifinmu ya ba shi kusurwa ɗaya ta yankinmu na gonar ciki ya gina sito. Baba ya amince. Bai ga abin shawara a ciki ba. Da safe magina suka zo da igiya da turaku. Kafin su kafa na farko sai ga Kaka, mahaifiyar Baba, tana tafe da tabarma a hammata da abin kaɗinta a hannu. Ta shimfiɗa tabarma a tsakiyar inda za a auna, ta zauna, ta miƙe ƙafa, ta fara kaɗa zare.

Aka kira Baba. Ya zo ya durƙusa daga nesa ya ce, "Inna, rana za ta yi zafi."

Shi ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta ma kallonsa kai tsaye. Zaren take kallo ta ce, "Wani ya ce ban san rana ba?"

"Kusurwa ɗaya ce kawai. Ga gonaki can a waje, ko rabinsu ba mu iya nomewa."

"A waje," in ji ta.

"Inna, zamani ya sake. Wa zai kawo mana hari yanzu? Ga hukuma, ga mota."

"To, a gaya wa mai maganar nan, in ya ga ana tuƙa tuwo da auduga ya kawo mini loma in ɗanɗana."

Maginan suka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. Baba ya tashi ya koma gindin bishiya ya tsaya. Ni da Ɗanmama muna kan ganuwa muna kallo. Ta ɗago ta hango ni, kuma da yake jika mijin kakarsa ne a wasa, sai ta ce, "Kai maigida, an dasa ka ne a can? Matarka tana cikin rana ko ruwa ba ka kawo mata ba. Wallahi miji zan sake, in auri wancan ɗan Bayaraben, shi ko gishiri zan samu." Na sauko da gudu zan nufi gida, ta ce a'a, daga waccan rijiyar mai zartsi. Na ɗebo a ƙwarya na kawo. Ta ce in fara sha. Na kurɓa, na yamutse fuska, Ɗanmama ya faɗi ƙasa yana dariya. Ita kuwa ta karɓa ta shanye, ta goge baki, ta jawo ni ta zaunar a gefen tabarma.

Ta ce, "Uwata ta sha wannan ruwa tana yarinya, ta sha shi har ta manta akwai wani. Mahara ne suka zo daga arewa. Kai ka ɗauka yaƙi ihu ne da kibiya? Wannan ranar farko ce kaɗai. Da suka ga ba za su haura ba sai suka kafa bukkoki a bakin rafi. Ana jin dakansu daga nan. Ana jin ƙanshin miyarsu. Dawar mutanen gari suke ci, mutanen gari suna kan ganuwa suna kallo. Ba abin da suke yi, maigida, zama kawai suke yi. Wanda yake da abinci a ciki ya rayu, wanda nasa yake waje ya buɗe ƙofa da hannunsa ya fita gare su."

Da azahar Baba mai sikeli ya ji labari ya zo. Ya kwanta rub da ciki a gabanta irin gaisuwarsu, ya ce, "Mama, ban san wurin yana da magana ba. Na fasa." Ta ce, "Tashi, kada ka ɓata rigarka. Kai tambaya ka yi. Wanda ya amsa shi ya san abin da ya amsa." Duk da haka ba ta naɗe tabarmarta ba sai da ta ga maginan sun naɗe igiyarsu sun fita ta ƙofar gari. A bakin hanya aka gina siton. Mahaifinmu ya yi kwanaki ba ya cin abinci da yawa, amma bai sake ɗaga maganar ba har ta rasu.

Ba zan iya nuna ranar da gonar ciki ta ɓace ba, domin ba rana ɗaya ba ce, kuma babu mugu a cikin labarin. Aka nemi wurin makaranta, ina ya fi nan dacewa? Aka nemi wurin ɗakin shan magani. 'Ya'ya suka girma suka yi aure, gidaje suka cika, kowa ya yanki gefen yankin gidansu ya yi ɗaki. Ƙasar ganuwa kuwa babu kamarta wajen tubali, tsofaffi sun riga sun cuɗa ta, ɗiba kawai ake yi. Da aka haƙa burtsatse sai aka daina yashe tsohuwar rijiya, ta zama juji, daga baya aka cike ta don kada yaro ya faɗa. Sannan takin zamani ya zo, masara ta zo. Mutane suka shiga daji suka buɗe manyan gonaki, tafiyar da sai da babur. A gona inji ke casa masara, a gona ake ɗinke buhu, daga can mota ke ɗauka zuwa Bakori ko Funtua. Dawa a daminta tana shekaru a rumbu ba abin da ya same ta, masara a buhu kuwa ƙwari suna jiranta, don haka gara a sayar a sayi kwano a rufa ɗaki. Rumbuna suka rushe ɗaya bayan ɗaya, aka share wurin aka ajiye babur. Duk wanda ya yi haka a lokacin mai hankali ne, kuma arziki ya shigo, na gani da idona. Sai dai an wayi gari mutum yana kwana a wuri ɗaya, abincinsa yana kwana a wani wuri, tsakaninsu hanya guda ce, hanyar kuma ta gindin dutse ta bi.

Yaya yana cikin 'yan kaɗan da ba su saki dawa ba. Samari suna ce masa tsohon yayi. Rumbunsa ne kaɗai ya rage a unguwarsu, amma shi ma gonarsa a waje take, tun da ciki babu sauran inda za a sa fartanya. Bara an riga an hana mutane gonakin nesa, abin da ya samu kaɗan ne. Da aka zauna musu bana, maƙwabtan da ba su da ko tiya a ɗaki suka fara aiko yara da kwano, shi kuma ba mutumin da zai ce babu ba ne alhali ana ganin rumbu a tsakar gidansa. Kafin dawar gona ta gama nuna, matarsa ta shiga rumbun da tsintsiya.

An kai kuka inda ake kaiwa. Motocin jami'an tsaro suka zo rana ɗaya, masu zaman suka matsa cikin daji, motoci suka juya, su kuma suka dawo suka zauna a kan tokar wutarsu. Ni kuma ina nan ina murɗa rediyo safe da yamma, ban ji sunan garinmu ba ko sau ɗaya, kuma na san dalili domin na yi aikin. Labari yana son abin da ya faru: an kai hari, an kashe, an sace, an ƙona. Me za ka rubuta a kan mutanen da suka zauna? Da takardar ta zo teburina a wancan lokaci, da ni ma gefe zan ture ta in ce babu labari a ciki.

Ɗanmama ne idona a wannan lokaci. Shi ma ya tsufa, yana Funtua yana sayar da buhuna da maganin feshi, yana da wata tsohuwar a-kori-kura. Ranar kasuwar Bakori yakan haɗu da 'yan garinmu da suka sulalo ta bayan gari, ta cikin kwari, ba kaya a hannunsu. In ya dawo sai ya biyo ta gidana, tun daga zaure yana kira, "Ɗan rediyo, kana ciki ko ka tafi London?"

"Shigo, Bayarabe. Yau ma ba ka je coci ba?"

"Yau Lahadi ce? Tsufa ya cinye maka kwanaki. Ba ni ruwa."

Ya sha, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, daga nan wasa ya ƙare. Ya ce, "Kara ya fara kwanciya. In dawar ta taɓa ƙasa gara ce za ta ci. Ka gaya wa Yaya motata tana nan, ko gobe ya ce in zo zan zo, ta kwari za mu fito da su. Ni ma a garin nan aka yanke mini cibiya, ba sai an roƙe ni ba."

Na buga waya na gaya masa a gaban Ɗanmama. Yaya ya ce, "Ka ce masa Allah ya saka. Amma in na tashi, wa zai riƙa kallon ta?"

Na ce, "Yaya, kallo ba ya kawo ta gida."

Ya ce, "Na sani, Malam. Kai ka yi karatu, ni ma na san wannan."

Sai ga saƙo daga gindin dutse cewa kowa ya fito ya girbe gonarsa. Gari ya yi murna ta rabin yini, har wata tsohuwa ta yi guɗa. Da la'asar ɗan saƙon ya ƙarasa maganar: za a girbe, a ɗaure, a ɗauka a kai musu har inda suke. Kowane gida zai ba da mutum, gidan da bai bayar ba su za su zo su zaɓa da kansu. Yaya ya hana 'ya'yansa fita, ya ce samari in sun shiga hannunsu ba lalle su dawo ba, shi kuwa tsoho ba mai bukatarsa. Ya ɗauki magirbinsa da wuƙarsa ya bi sahu. Wayarsa ta daina shiga. Na yi ta bugawa har na haddace muryar matar da ke cewa a sake gwadawa.

Ranar da Ɗanmama ya kawo Yaya da iyalinsa, bayan an gama girbin, da hantsi ne. Mata da yara a bayan mota tare da turmi da tukwane da katifu, Yaya a gaba. Ya sauko da ƙyar. Aka shigar da iyali ciki, Ɗanmama ya tsaya a waje yana kwance igiyar kaya yana yi wa yaran unguwa tsawa, ni kuma na shimfiɗa wa Yaya tabarma a zaure. Na kawo fura, bai taɓa ba. Tafin hannunsa duk ya tsattsage. Shi ya fara magana.

Ya ce, "Ta yi kyau, Malam. Ban taɓa yin dawa irin ta bana ba. Kai ɗaya sai ka riƙe shi da hannu biyu."

Na ce, "Allah ya mayar da alheri."

"Amin." Ya daɗe yana kallon hannunsa. "Tun a hanya na ƙudura a raina zan ɗaura musu sako-sako. In sun ɗauka ya warware, ya zube, ko tsuntsaye su samu. Wallahi na yi niyya. Na jera kawunan, na sa gwiwa, na ja igiya. Hannun nan bai saurare ni ba. Na ce to na gaba. Na gaba ma haka. Har na gama gonar."

Na ce, "Yaya, sha furar nan."

"Wani yaro a cikinsu, bai kai babban jikana ba, ya zo da bindiga a kafaɗa. Ya ɗaga dami ɗaya ya jijjiga, ya buga shi da ƙasa, ko kai ɗaya bai zame ba. Ya dube ni ya ce, 'Kai Baba, ka iya ɗauri.'"

Na ce, "Me ka ce masa?"

Yaya ya ce, "Na ce na gode."